Bututun da Injiniya Ya Binne

A wata unguwa an yi wani dattijo da kowa ke kira Injiniya. Ba injiniya ba ne, bai kuma taɓa cewa shi injiniya ne ba, sai dai bai taɓa hana kowa kiransa haka ba. Ma'aikacin wutar lantarki ne da ya yi shekara talatin da biyar yana ja wa mutane waya a gidajensu kafin ya ajiye aiki. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu, don gidan da ya ja wa wuta ba a taɓa jin waya ta kama ba. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, mai son iyalinsa. Aibinsa guda ne, amma aibin ya kai ya kawo: tunda ya iya wuta, ya ɗauka duk wata sana'ar duniya ƙanwar wuta ce. In kafinta na aiki a gidansa, sai ya tsaya a kansa yana koya masa riƙon zarto. In tela ya gwada shi, sai ya karɓi awon ya sake gwada kansa. Ka ba shi shawara, zai saurare ka da murmushi har ka kai aya, sannan ya dafa kafaɗarka ya ce ka yi ƙoƙari, ya je ya yi abin da ya riga ya yi niyya.

Mahaifiyarsa tana raye, ta haura tamanin, kowa Inna yake ce mata. Ita kaɗai take zaune a tsohon gidansu a wani gari, ga gwiwoyi sun fara yi mata gardama. Shekara da shekaru Injiniya yana roƙonta ta dawo wurinsa tana ƙi. Da jiki ya matsa mata sai ta yarda, amma da sharaɗi.

"Ni ban saba a ɗebo min ruwa ba," in ji ta. "In zan zauna a gidan wani, ko da ɗan da na haifa ne, to ɗakina daban, ƙofata daban, famfona a ciki. Ba zan tsufa ina leƙe ina cewa wance taimaka min da buta ba."

Ba shi kaɗai ke zawarcin tsohuwar ba. Ƙanwarsa, wadda suke kira Auta, tana da ɗaki mai banɗaki a gidanta, kuma ba ta ɓoye ba. Duk sanda suka yi waya sai ta ce, "Yaya, in ba ka shirya ba kada ka takura kanka, ni nawa a share yake." Wannan magana na sukar Injiniya. Shi ne ɗan fari, kuma babu abin da yake so a duniya kamar a ce sauran kwanakin mahaifiyarsa a gidansa ta yi su, ya tashi da safe ya taka ya gaishe ta.

A bayan gidansa akwai wani sito, taku ashirin da biyar daga ƙofar kicin. Tarkacen shekaru ne cike a ciki: tsofaffin fankoki, gwangwanayen fenti da suka bushe, keken ɗinkin da ba kai, kujera mai ƙafa uku da ake ta cewa za a gyara. Injiniya ya zage ya kwashe su. Aka yi filasta, aka fasa taga babba ta gabas, aka yi silin, aka yanki kusurwa aka yi banɗaki da ɗan wurin wanke hannu. Wutar ɗakin shi ya ja ta da kansa, kuma gaskiya ta yi kyau, har makunnin fitila ya sauko da shi daidai inda hannun Inna zai kai daga kan gado. Abu ɗaya ya rage, wato a kawo ruwa daga babban gida zuwa ɗakin ta ƙarƙashin ƙasa.

To Allah ya haɗa Injiniya da suruki mai gyaran famfo, mijin babbar 'yarsa. Mutum ne magidanci, mai sanyin magana, wanda ya yi shekara goma sha biyar a kan sana'arsa, har unguwa ta manta sunansa ta koma ce masa Mai Famfo. Ranar Asabar ya zo gaisuwa, matar Injiniya ta ce ya duba musu wurin. Ya taka daga kicin zuwa siton a hankali, ya tsaya inda Injiniya ke ajiye motarsa ya daki ƙasar da dunduniya, sannan ya dawo ya rusuna.

"Baba, in ka yarda, baƙin bututun nan za a sa, mai kauri, wanda ake sayarwa a naɗe. Daga nan har ɗakin Inna guda ɗaya ne, ba mahaɗa ko ɗaya a cikin ƙasa. Ramin ya kai cinya. A shimfiɗa yashi, a ɗora bututun, a sake rufa masa yashi saboda duwatsu. Nan inda mota ke bi kuma a zura shi cikin wani babba ya zama masa riga. Sai a sa makulli a farkon layin, don in wani abu ya faru a rufe na Inna kaɗai."

Injiniya ya saurara yana murmushi, hannu goye a baya. "Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"To biyo ni."

Ya kai shi jikin katanga inda ya jingina abin da ya fito da shi daga sito. Fararen bututu ne dogaye, guda goma sha biyu, ɗaure da igiya, ragowar aikinsa na ƙarshe. Ya shafa su kamar mai shafa ragon da ya kiwata.

"Ka gansu nan, sababbi fil, suna zaune suna cin ƙura."

Mai Famfo ya dube su, ya dubi ƙasa. "Baba, ai waɗannan na waya ne."

"Akwai rami a tsakiyarsu ko babu?"

"Akwai, Baba."

"To ruwa zai tsaya ya tambaya don wa aka yi ramin?"

"Ba haka ba ne, Baba. Waya kwanciya take yi a ciki, ba ta tura komai. Ruwa kuwa turawa yake yi kullum, ko an buɗe famfo ko ba a buɗe ba. Waɗannan ba su da kauri, mahaɗarsu ba ta riƙe ƙarfin ruwa, kuma ba don ruwan sha aka yi su ba."

Injiniya ya yi dariya har da buga cinya. "Kai, wutar da in ta taɓa mutum sai dai a yi masa wanka, ita na yi shekara talatin da biyar ina juyawa yadda na ga dama. Ruwan da jarirai ke wasa da shi a baho ne zai gagare ni? Ka yi ƙoƙari."

Da wani ne ba surukinsa ba, da Mai Famfo ya tsaya sun yi ta. Amma yaya mutum zai yi musu da uban matarsa a tsakar gidansa? Ya haɗiye sauran maganar, ya ce Allah ya taimaka. Sai da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Baba, alfarma ɗaya. In ka gama, kada a rufe ramin nan take. A saki ruwa a bar shi a buɗe kwana biyu, in akwai inda ke yoyo za a gani."

"Za a duba," in ji Injiniya, wanda a bakinsa ma'anarta ba za a duba ba.

Da baƙon ya tafi matarsa ta ce, "Malam, mutumin nan fa sana'arsa ke nan."

"Ni kuma zaman banza na yi a duniya ko?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Shekara arba'in suna tare, ta san inda magana ke shiga da inda take dawowa.

Washegari Injiniya ya ɗauki diga. Ƙasar wurin da tauri, bayan taku biyar gumi ya keto masa, nan take ya gano cewa zurfin cinya ɓata lokaci ne. "Ba kabari nake haƙa ba," ya faɗa wa kajin gidan da suka zo kallo. Ya tsaya a zurfin taƙi ɗaya. Yashi kuwa ya ce ƙasa duk ƙasa ce. Ya jera fararen bututunsa, ya shafa gam a kowace mahaɗa ya cusa, har guda goma sha ɗaya, layin ya ratsa ta daidai inda ƙafar motarsa ta baya ke tsayawa. Makulli ma bai sa ba, don a cewarsa aikin da aka yi da kyau ba ya bukatar a rufe shi.

Da ya murɗa kan famfon ɗakin, bututu ya yi tari sau biyu, sai ga ruwa shaa! Injiniya ya ƙwala wa matarsa kira kamar an yi haihuwa. Ya kira surukinsa a waya, ya kara wayar a bakin famfo ya ce, "Kana ji? Wannan ƙarar mece ce?"

"Ruwa ne, Baba. Allah ya sanya alheri. A dai bar ramin a buɗe."

Kafin la'asar an mayar da ƙasa. Kwana biyu bayan haka ya sa aka zuba daɓen siminti a kan layin gaba ɗaya, daga kicin har ƙofar ɗakin, don kada sandar Inna ta riƙa nutsewa a ƙasa. Niyyarsa mai kyau ce, wannan kam a faɗa masa.

Inna ta iso ranar Juma'a da jakarta ɗaya da akwatin ƙarfe. Ba ta kalli silin ba, ba ta kalli labule ba. Kai tsaye banɗaki ta wuce tana dogara sanda, ta murɗa famfo, ta tara hannu, ta daɗe tana kallon ruwan yana zuba a tafinta.

"Yaron nan, ashe ka yi abin kai," ta ce.

Injiniya mai furfura, mai jikoki bakwai, ya tsaya baki har kunne kamar ɗan makarantar da ya zo na ɗaya. A ranar ya kira Auta ya ce tana iya zuba kaya a ɗakin nan nata, ba mai bukatarsa.

Makonni uku da suka biyo baya sun yi masa daɗi fiye da yadda ya zata. Da safe ya taka daɓensa ya je gaisuwa, su sha shayi tare. Da yamma ya ɗauki kujera ya zauna a ƙofarta, tana ba shi labarin ƙuruciyarsa, har da ranar da ya kwance rediyon mahaifinsa ya kasa mayarwa ya ce da ma can a lalace take. Jikoki na zuwa su cika ɗakin. Duk baƙon da ya shigo gidan kuwa sai an kai shi ya ga famfo, an kuma ba shi labarin masu sana'ar zamani da ke son a haƙa rijiya don a binne bututu ɗaya.

A mako na huɗu kaji suka fara taruwa a gefen daɓen suna caccakar ƙasa. Bayan su ciyawa ta fito, kore shar, a layi ɗaya, alhali rabon da a yi ruwan sama an fi wata biyu.

"Malam, ƙasar nan fa ba ta bushewa," in ji matarsa.

"Raɓa ce. Siminti na jan raɓa, ke ba ki sani ba ne."

"Raɓar da ba ta sauka ko'ina sai a kan layinka?"

"Kin fara karatu a wurin surukinki ke nan."

Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, ta dubi ƙofar Inna, ta fasa. Shi kuma bai lura ba. Bai kuma lura cewa kwanan nan Inna ta daina barinsa ya shiga ciki ba, a bakin ƙofa take tararsa da shayin, ta ce iskar waje ta fi daɗi.

Ranar da asiri ya tonu, tsofaffin abokan aikinsa ne suka shirya taro, aka ce shi zai yi jawabi. Ya sha farar babbar riga da ta sha guga, ya fesa turare, ya shiga mota ya tayar. Yana ja da baya sai ya ji ƙas! Motar ta karkata, ƙafar baya ta hagu ta zurma. Ya fito yana faɗa, ya sunkuya ya ga abin da ya faru. Ruwan da ya yi kwanaki yana yoyo ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen, simintin ya rage a kan iska, yau kuma ya gaji ya karye. Yana cikin leƙawa, bututun da taya ta danne ya ƙarasa fashewa. Ruwa da jar laka suka yi sama suka same shi daga hula har takalmi.

Kaji suka watse. Maƙwabcinsa, wani direban babbar mota mai bakin tsiya, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Injiniya, barka da arziki! Rijiya aka samu ko man fetur?" Kafin ka ce me mutane sun taru a ƙofar gida, masu jaje na jaje, masu danne dariya na dannewa ba ta dannuwa. Aka ce a rufe makullin layin. Babu makulli. Dole aka je bakin titi aka rufe ruwan gidan gaba ɗaya.

Injiniya ya tsaya yana ɗiga, yana neman abin da zai ce ya rage asara. Ya jawo matarsa gefe ya rage murya. "Kada a tayar wa Inna hankali. A ce mata ruwanta zai ɗauke na ɗan lokaci."

Matar ta dube shi ido cikin ido. "Malam, ruwan Inna yau kwanansa tara da ɗaukewa."

"Kwana nawa?"

"Tara. Da farko da yashi yake zuwa, daga baya ya koma ɗigo, daga nan ya tsaya. In ka fita da safe take lallaɓowa da 'yar butarta ta tara a famfon kicin. Rannan na kama ta a tsakiyar hanya ta tsaya tana haki, sanda a hannu ɗaya buta a ɗaya. Ta ce in na faɗa maka ba ta yafe ba, wai kada a kunyata mata ɗa. Tun ranar ni nake kai mata a bokiti."

Ya manta da rigar, ya manta da motar, ya nufi ɗakin da laka a ƙafa, ya yi sallama ya shiga. A bayan ƙofa ga bokitai biyu da buta uku a jere. Bangon da ke kallon daɓen ya jiƙe har kusan gwiwa, fentin ya kumbura, ɗakin na warin danshi. Inna na zaune a bakin gado, jakarta a ɗaure kusa da ita.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa maka ka ji? Kai da na haifa?" Ta faɗe shi ba da faɗa ba, da murmushi ma. "Na ga yadda kake murna da famfon nan, na ce bari in bar ka da murnarka. Amma yarinyar nan ita ma ba yarinya ba ce, bayanta na ciwo, ga ta tana jigilar bokiti saboda ni. Abin da na guda ke nan. Jiya na sa an kira min Auta, tana hanya."

Ya durƙusa a gabanta da jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya ce ta ba shi kwana ɗaya, kwana ɗaya tak, zai gyara.

"Na san da kanka za ka gyara," ta ce. "Shi ya sa zan tafi."

Auta ta zo da azahar. Ta ga mota a rami, ta ga yayanta, ta yi ƙoƙari ƙwarai ta danne dariya, sai dai kafaɗunta ne ke rawa. Da motarsu ta fita, Injiniya ya koma ya zauna a kujerarsa ta ƙofar ɗakin. Bai je taro ba, bai ci abinci ba. Dariyar mutane ba ta dame shi kamar hoton tsohuwar nan tsaye a tsakiyar daɓensa da buta tana haki ba, shi kuwa a lokacin yana wani wuri yana cika baki.

Da aka ciro motar ya fasa sauran daɓen ya duba aikinsa. Mahaɗa huɗu sun saki. Wuri biyu duwatsu sun huda bututun. Inda mota ke tsayawa kuwa ya lotse ya tsage kamar raken da aka tauna. Duk abin da aka faɗa masa, ba wanda bai faru ba.

Washegari ya tafi shagon surukinsa. Sau biyu yana wuce ƙofar kamar mai neman wani wuri, a na uku ya shiga. Mai Famfo ya miƙe da sauri ya ba shi kujera. Injiniya ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Ya yi maganar zafin gari. Ya yaba yadda aka jera kaya a shagon, ya kusa cewa wayar fitilar can ba daidai take ba, ya kama bakinsa. Da zance ya ƙare ya yi gyaran murya.

"Wannan baƙin bututun da ka ce. Har yanzu ana samunsa?"

Mai Famfo ya riga ya ji labari tun jiya, don matarsa ce ta ba shi tana dariya har da hawaye. Amma ko a fuska bai nuna ba. "Ana samu, Baba. Bari in rufe shago mu je ka zaɓa da kanka."

A wurin mai sayar da kayan ruwa ya sa aka yanko masa guntun baƙin, ya ɗora a hannun Injiniya tare da guntun farin da ya fashe. Injiniya ya matsa farin da yatsa biyu ya lotsa. Ya matsa baƙin da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta tashi, ko gezau. Mai Famfo ya nuna masa rubutun da ke jikin bututun, inda aka faɗi ƙarfin ruwan da zai iya ɗauka da kuma cewa na ruwan sha ne. Injiniya ya gyara tabarau ya karanta. Shi da ya yi rayuwarsa yana faɗa wa mutane kada su sa siririyar waya inda ake bukatar mai kauri, yau ga shi ana nuna masa abu ɗaya a wata sana'ar.

Aka dawo aka fara aiki. Mai Famfo ya ce a kira masu haƙa, Injiniya ya ce a kira, amma shi ma da shi za a yi. Ya shiga rami da diga, tafin hannunsa ya yi kanta, bayansa ya riƙe. Duk bayan ɗan lokaci ya ɗago ya ce, "Ya kai?" Surukin ya zura ƙafa ya ce, "Saura kaɗan, Baba." Sau ɗaya tsohon hali ya motsa, ya fara cewa, "Ni a ganina yashin nan..." sai matarsa ta yi tari daga ƙofar kicin, ya ce, "A ganina a ƙaro." Aka shimfiɗa yashi, aka warware baƙin bututu guda ɗaya tun daga kicin har ɗaki, aka yi masa riga a inda mota ke bi, aka sa makulli. Aka saki ruwa aka bar ramin a buɗe. Kwana biyu aka ce, Injiniya ya bar shi huɗu, safe da yamma yana bin layin a tsugune yana shafawa ko zai ji danshi.

Bututu kwana biyar ya ci, amma bango sai da ya yi mako shida kafin ya bushe a sake fenti. Waɗannan makonni sun yi wa Injiniya tsawo. Duk sanda ya je gaida Inna a gidan Auta sai ya tarar ta ƙara sabawa. An saya mata sabuwar darduma. Ta san sunan maƙwabta. Har ta dasa wani abu a tukunya a bakin taga, kuma kowa ya san mai shirin tafiya ba ya dashe. In ya dawo gida, sai matarsa ta ga abincin ma taɓawa kawai yake yi.

Ranar da komai ya kammala ya shirya ya tafi, tare da matarsa da surukinsa. Suka tarar da falon Auta cike, 'ya'ya da jikoki, Inna a tsakiya. Bayan gaisuwa ya matsa kusa ya ce, "Inna, ɗaki ya gyaru. Ruwa na zuwa da ƙarfinsa. Na zo in tafi da ke."

Inna ta ɗauki lokaci tana gyara zaman mayafinta.

"Wa ya yi aikin?"

"Ai mun yi ƙoƙari, mun..."

"Ba mu na tambaya ba. Wa ya yi?"

Injiniya ya dubi Auta, wadda ta kafe shi da ido tana jira. Ya dubi jikokinsa. Ya dubi surukinsa da ya sunkuyar da kai kamar shi ne mai laifi.

"Shi ya yi, Inna," ya ce yana nuna Mai Famfo. "Shi ya zaɓi bututun, shi ya faɗi zurfin, shi ya haɗa. Tun farko ya faɗa min na ƙi ji. Ni haƙa kawai na yi, ita ma sai da ya nuna min inda zan tsaya."

Inna ta juya ga Mai Famfo. "Kai angon jikata, gaskiya ne? Ya ji magana?"

"Ya ji, Inna. Ban taɓa samun lebura mai biyayya irinsa ba."

Maganar ta kuɓuce masa ne, ya rufe baki da hannu, amma ina, falon ya riga ya fashe da dariya. Injiniya ya so ya sha kunu, ya kasa, shi ma ya sa dariya har hularsa na zamewa. Inna ta yi ta dariya tana share ido da gefen mayafi. Da ta lafa ta miƙa masa hannu.

"To ɗaga ni. Shekara sittin ina jiran in ji wannan daga bakinka. Auta, yi haƙuri, ɗauko min jakata, tukunyar nan ma da ita zan tafi."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Iya sana'a ɗaya ba ya mayar da mutum gwanin kowace sana'a, kuma wanda ya fi ka sanin abu ya fi ka, ko ɗanka ne, ko surukinka, ko wanda ka girme wa nesa ba kusa ba. Aikin da za a binne a ƙasa ya fi kowane aiki bukatar a yi shi daidai tun farko, a zaɓi kayan da aka yi dominsa, a gwada kafin a rufe, domin kuskuren da ido ba ya gani ci yake yi a hankali har ya rusa abin da ke samansa. Sannan mu tuna cewa girman kanmu ba mu kaɗai yake cuta ba. Sau da yawa waɗanda suka fi son mu ne ke ɗaukar nauyinsa su yi shiru don kada mu ji kunya. Kafin a kai ga haka, in mai sani ya yi magana, mu saurara, mu kuma yi aiki da abin da muka ji.